Awon Hannun Wilbur

Lorene ba masunciya ba ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi a kamfanin gwangwanin kifi tana fiɗa a tsaye cikin ruwan sanyi, har yatsunta suka karkace. Ta binne miji, 'ya'yanta biyu suka koma Juneau, ta rage a Angoon ita da yayanta Wilbur. Shi ke fita teku, ita ke yanka da kyafawa.

Wilbur ƙato ne, tafin hannunsa ya kai faranti. Da kansa yake sassaƙa ƙugiyar kamun halibat, wani faffaɗan kifin teku, irin ta kakanni: itace biyu a ɗaure, baki buɗe, da ƙusa a tsakani. Kowa da hannunsa yake auna buɗin bakin. Ƙaramin kifi ba ya iya cafka, wanda ya wuce kima ya tofar, sai wanda ya yi daidai da ƙarfin mai hannun ne ke maƙalewa. Duk garin an san haka. Lorene ma ta sani.

Da Wilbur ya rasu, ɗansa ya kwashe ƙugiyoyin ya kai wa masu tara kayan tarihi. Guda ɗaya ta tsira, don tana rataye a ɗakin kyafa kifi, hayaƙi ya baƙanta ta. A al'adarsu, bayan shekara dangin mamaci za su ciyar da waɗanda suka haƙa kabari. Lorene ta miƙe a gaban dangi ta ce busasshen halibat na ranar daga ƙugiyar Wilbur zai fito, kuma ita za ta kamo.

Gilbert, ƙanin mijinta, yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Ya same ta a bakin ruwa tana ɗaura koto a ƙusar da haƙori da yatsa biyu.

"Matar yaya, wannan ai hannun Wilbur ne. Kawo naki in auna, in sassaƙa miki 'yar daidai ke. Ko da yake da waɗannan yatsun sai dai mu kama kaguwa."

"Kai dai ka zo da cikinka ranar," in ji ta. "Shi kaɗai ne aikin da ka taɓa yi a kan lokaci."

Ya ce zai raka ta. Ta ce wanda za a ciyar ba ya kamo abincinsa. Ya bar ta.

Ta fita da hantsi, ana yayyafi, a ƙaramin kwalekwale mai inji. A ramin da Wilbur ya saba ta jefa: dutse a ƙasa, ƙugiya ta ɗan tashi samansa, igiya gaba sittin, jarka tana yawo a saman ruwa don alama. Ta ce wa ƙugiyar ta sauka ta yi aikinta, kamar yadda Wilbur yake cewa. Ba ta ji komai a ranta ba sai sanyi.

Wajen azahar jarkar ta nutse ta taso. Lorene ta kama ja. Yatsunta ba sa rufuwa, sai ta riƙa naɗa igiyar a wuyan hannu tana turjewa da ƙafa. Ta fi awa guda a haka. Da kifin ya taso, faɗinsa ya kai ƙofa, tsawonsa ya fi nata. Kifin Wilbur ne sak. Da shi ne, da ya buge shi da kulki sau ɗaya, ya jawo shi ciki.

Ita ma ta buga. Kulkin ya suɓuce ya faɗa teku. Kifin ya kaɗa wutsiya, kwalekwalen ya karkata, ruwa ya kwararo har idon sawu. Ta miƙa hannu don ta ciro ƙugiyar kawai, kifin ya tafi abinsa. Tana ganin itacen baƙi a bakinsa, har ta taɓa, amma ƙusar ta shige ƙashi. Kifin ya sake bugawa, ruwa ya kai ƙwauri. Daga nan zuwa gaɓa babu mai ninƙaya ya kai, sanyi zai gama da mutum tun bai yi nisa ba.

Ta zaro wuƙar fiɗa. Wannan aikin kam hannunta ya iya. Sara ɗaya igiyar ta rabu.

Gilbert na nan a bakin ruwa da ta dawo. Ya leƙa kwalekwalen, ya ga jarka da guntun igiya. Ya dube ta. Ya kama gaban kwalekwalen ya ja mata shi tudu.

Ranar taron an ci halibat, ƙanana, waɗanda ta kama da ƙugiyar ƙarfe ta kanti kusa da gaɓa. Da aka zo sa rabon mamaci a wuta ana kiran sunansa, ta miƙa nata. Babu wanda ya tuna mata abin da ta faɗa, kuma babu wanda ya manta.

Tana nan har yanzu. Ƙusar da ƙugiyar take rataye a kai a da tana jikin bangon ɗakin kyafa kifi, ba ta cire ba, ba ta kuma rataya komai ba.