Tabaryar da Aka Rataye Raina a Kanta

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni sabon magidanci ne a Madabo, jikina ba nauyi, kaina kuwa da ɗan girma, don duk cikin birni idan aka ce mai tafiya a kan igiya, ni ake nufi. Gadon gidanmu yasar rijiya ne, tun ban san kaina ba igiya take hannuna. Tafiya a kanta kuwa na koya ne wurin wani dattijo baƙo da ya zauna a unguwarmu shekaru kaɗan kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba ya wasa da ɗauri. Kullum faɗarsa ita ce ƙafa ba ta kashe mai hawa, abin da aka ɗaura igiyar a kansa shi yake kashe shi. Ya koya mini a shimfiɗa igiya biyu, ta sama a ja ta ta yi tauri, ta ƙasa a bar ta da ɗan sanyi don ko ta kwana, kuma kowacce da nata maɗauri dabam. Ya koya mini ɗaura ɗamara a ƙugu da ƙawanyar ƙarfe da ta ratsa igiyoyin biyu. Abu na ƙarshe da ya fi nanata mini shi ne kada in taɓa taka igiyar da ban ga kullinta da idona ba, ko da mahaifina ne ya ɗaura.

Murna ta cika gari a lokacin. Ɗan unguwarmu ya ci kansila, mutane suka ce sai an yi bikin da ba a taɓa gani ba. Wanda aka ɗora wa shirya taron kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, mutum mai baki da son a ce shi ya yi. Shi ya zo har gida ya ce yana so in ƙetare dandalin unguwa a sama, mutane su ga cewa su ma suna da abin nunawa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na je na duba wurin. Gefe guda akwai wani ƙaton durumi mai lafiya, wanda ko giwa aka ɗaure masa ba zai motsa ba. Ɗaya gefen kuwa babu komai mai tsayi sai benen ƙasa na wani dattijon malami, da tagogi biyu ƙanana suna kallon dandali. Na ce abin zai yiwu idan aka zura kowace igiya ta tagarta, aka gicciya azara mai kauri daga ciki, wadda tsawonta ya wuce taga nesa ta yadda za ta kama bango sosai, kowace taga da tata azarar.

Tun daga kaya muka fara samun saɓani da Kawu. Ya aiko mini da wata igiyar roba shuɗiya mai sheƙi daga Kasuwar Kurmi, wai ta fi tawa kyau a ido, kuma kalarta ta dace da tutocin da za a kafa. Na mayar masa. Irin wannan igiyar ta shanya ce da ɗaurin kaya, tana miƙewa kamar cingam, rana tana cin ta, kullinta yana zamewa. Tawa ba ta da kyau, amma na san kowane taku nata, don duk bayan wasa sai na bi ta da yatsu ina neman inda ta soma ci. Ƙawanyata ma maƙeri ne ya ƙera mini ita dunƙule ba mahaɗi. Da 'yan kwamitinsa suka ga ɗamarar sai suka shiga yi mini tsiya, wai ashe jarumin namu da zanen goyo yake hawa, wai namiji mai laya ba ya bukatar a ɗaure shi kamar akuya. Na bar su suka yi dariyarsu suka gaji, ban cire ba. Har yau idan na tuna ina jin zafin abin, domin duk abin da yake hannuna na yi shi daidai.

Matsalar ta taso ne a ƙofar gidan malamin. Benen yana can cikin gida, sai ka ratsa tsakar gida ta gaban ɗakunan iyali kafin ka kai matakala, gidan kuwa na kulle ne, ba shiga. Dattijon ya karɓe mu a soro da mutunci, ya ce ya yarda a yi amfani da tagoginsa saboda zumunci, amma baligin da ba muharrami ba bai taɓa wuce wannan soron ba tun zamanin kakansa, kuma ba a kansa za a fara ba. Ban ga laifinsa ba, gidansa ne. Na ce to a ba iyali haƙuri su shiga ɗaki na ɗan lokaci in wuce ina sunkuye da kai, ya ce a'a. Nan Kawu ya karɓe zancen. Ya ce ai shi ɗan gida ne, uwargidan malam 'yar'uwarsa ce da suka sha nono ɗaya, shi zai shiga da manyan 'ya'yan gidan su ɗaura komai yadda na faɗa. Na kawo azara biyu da na zaɓa da kaina, na ƙwanƙwasa su na tabbata gara ba ta taɓa su ba, na nuna masa kullin a gaban soro har ya ce in daina mai da shi yaro. Na ga an shiga da azarun ciki da idona.

Da na koma gida na ba matata labari, sai ta ajiye abin da take yi. Mace ce mai kaifin ido, kuma ta sha taya ni naɗe igiya, ta san kulli mai kyau da na banza. Ta ce ai abin mai sauƙi ne, ita mace ce, babu mai hana ta shiga, gobe da safe za ta sa mayafinta ta je ta gaida matan gidan, ta hau benen ta duba mini. Na ga hikimar maganar. Kuskurena ɗaya shi ne da na gaya wa Kawu. Wallahi kamar na watsa masa wuta. Ya ce yanzu shi zan tura wa mace ta duba aikinsa, shi da ya goya ni ina tsumma? Ya ce idan na yi haka na tozarta shi a gaban malam da kwamiti da unguwa baki ɗaya, kuma kada in ƙara kiran sa kawu. Sannan ya ɗaga yatsa sama ya rantse da Allah cewa azara biyu suna nan a gicciye, kowace igiya da tata, yadda na ce. Mutum ya girme ka, ɗan'uwan mahaifiyarka, ya rantse maka da Allah a gaban jama'a, me za ka ce? Na hana matata zuwa. Ta dube ni ta ce to, Allah ya sa rantsuwa tana riƙe igiya.

Ranar bikin na zura igiyoyin biyu a ƙawanyata, sannan na ɗaura nawa gefen a durumi, na naɗa buhu a jikin itacen don kada ɓawo ya ci igiya, kowacce a reshenta. Ɗaya gefen na tsaya a ƙasa na ɗaga kai. Na lura igiyoyin biyu ta taga ɗaya suka shiga. Na tambayi Kawu, ya ce ɗaya tagar an toshe ta da ƙasa daga ciki tun tuni, amma kada in damu, azarun biyu suna bayan wannan ɗin, ɗaya sama ɗaya ƙasa. An cusa buhu a bakin tagar, ba a ganin komai sai duhu. Na sa ƙarti suka rataya a igiyar suka yi lilo, ta riƙe. Kalangu ya riga ya ɗauka, maroƙa suna kiran sunana da na kakannina, kansila ya zauna a kujerarsa da babbar riga, mata sun cika kan katangu. Bayan la'asar na yi bismilla na hau durumin, na haɗa ɗamarata da ƙawanya, na ɗauki gorar da nake daidaita jiki da ita.

Na wuce rabi lafiya. Ina jin guɗa a ƙasa, sai na yi ɗan tsallen da na saba yi a tsakiya don jama'a su yi ihu. Da na dira, na ji wata ƙara daga cikin benen, irin ta busasshen ice idan an taka shi. Igiyar ta mutu a ƙarƙashin ƙafata. Ko a wannan lokacin ban tsorata ba, don na san akwai ta biyu, na saki gora na jira ɗamara ta cafke ni. Sai na ga igiyoyin biyu sun fito daga tagar tare, suna bin juna kamar macizai. Na faɗo a gefen kwata, a kan ƙuguna na dama da diddige. Ban suma ba, kuma na so a ce na suma. Ina kwance ina jin kalangu bai ma tsaya nan take ba.

Ina asibiti matata ta yi abin da na hana ta. Ta sa mayafi ta shiga gidan, ta hau benen ba ta nemi izinin kowa ba. Azaruna biyu ta fara gani a jingine a tsakar gida, ko ƙura ba a kaɗe musu ba. Ashe matakalar benen ƙunci gare ta, ga lanƙwasa, azara ta ƙi hawa. Maimakon a fito a gaya mini, ko a jawo su ta sama da igiya, sai Kawu ya ga wahala ce, ya waiga ya ga wata tsohuwar tabarya a bayan turmi, ya ce ai wannan icce ne mai ƙarfi, shekara nawa tana dukan gero. Ita ya gicciya a taga, ya ɗaura igiyoyin biyu a kanta. Matan gidan suka gaya wa matata cewa tabaryar nan an daina daka da ita ne saboda ta tsage a tsakiya, kuma sun faɗa masa, ya ce su yi harkar tukunyarsu. Suna kuka suna cewa da ta zo da safiyar ranar da su da kansu za su kai ta su nuna mata. Ta tsinci rabin tabaryar a ƙasan taga ta sa a cikin mayafi ta fito da shi.

Abin da ya biyo baya shi ya fi karayar ci mini rai. Kafin gari ya waye labari ya zaga cewa asirina ne ya karye, wasu suka ce 'yan adawa ne suka yi mini jifa, wasu suka ce girman kai ne ya kayar da ni. Babu wanda ya ambaci tabarya. Kawu kuwa, kafin ya tako asibiti ya duba ni, sai da ya fara zuwa kasuwa ya sayi sabuwar tabarya ya kai gidan malam da ban haƙuri, ya sa magini ya gyara bakin tagar da ya gutsure. Da ya zo wurina daga baya, ya zauna a bakin gado ya ce in ɗauki ƙaddara, haka Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma ban yarda mutum ya yi ganganci da ran ɗan'uwansa, ya rufe da rantsuwar ƙarya, sannan ya juyo ya jingina wa Ubangiji ba. Mahaifiyata ta roƙe ni kada in ɗaga maganar don kada zumunci ya lalace, na yi shiru saboda ita. Har yau bai ce mini ya yi kuskure ba.

Ƙuguna ya haɗe a karkace. Ban sake hawa igiya ba, rijiya ma ta gagare ni, yanzu igiya nake sayarwa a zaune, kuma duk wanda ya zo saye sai na tambaye shi abin da zai rataya a kanta. Wasu suna jin haushi, ban damu ba. Ina kira ga duk mai sana'ar da take raba ƙafarsa da ƙasa, mai hawa turken waya ne, mai fenti ne, mai shiga rijiya ne, ya zaɓi kayansa don ƙarfinsu, ya bar masu son sheƙi su yi ta dariya. Igiya biyu a kan maɗauri ɗaya igiya ɗaya ce. Inda ba za a bar ka ka ga kulli ba, ka tura wanda ka yarda da idonsa, mace ko namiji, idan an hana wannan ma ka naɗe kayanka ka tafi gida, ko gwamna ne yake jira. Kunyar manya tana da wurinta, ni ma da ita aka raine ni, amma wanda kake jin kunyarsa a ƙasa yake tsaye lokacin da kake sama.

Rabin tabaryar yana gidana har yanzu. Matata ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk ranar da Kawu ya zo gaisuwar salla, takan shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa da ladabi, sannan ta ɗauko guntun iccen nan ta tokare ƙofar ɗakin da shi, daidai inda zai zauna yana kallonsa har ya tashi.