Kaka da Sabon Harshen Inna

A Malbaza na girma, a wani gida da ke bayan hanyar da manyan motocin siminti ke bi. Baba yana aiki a kamfanin siminti. Mu Kirista ne, kuma gidajen Kirista ba su da yawa a unguwarmu, amma ban taɓa jin an ware mu ba. Da Layya maƙwabta su aiko mana da nama, da Kirsimeti Inna ta dafa shinkafa ta aike ni gida-gida. Majami'armu ƙarama ce, mai natsuwa. A yi waƙa, a yi karatu, a ji wa'azi, in an zo addu'a mutum ɗaya ya yi magana, sauran su ce amin.

Kaka, mahaifiyar Baba, tare da mu take zaune. Kowa a gidan Kaka yake ce mata, har Inna. Mutumiyar wani ƙauye ce kusa da Badagishiri, doguwa, mai ƙarancin magana. Da ƙuruciyarta 'yar bori ce, an yi mata girka, iskoki suna hawanta a gaban jama'a. Baba ne ya fara bin Almasihu tun yana saurayi, ita kuma ta biyo shi daga baya ta rabu da kayan borinta duka. Ba ta ba da labarin wancan zamanin. Abin da na sani kawai shi ne, in aka ji goge daga nesa a gidan wani biki, sai ta tattara abin da take yi ta shige ɗaki.

Ina lakwal a lokacin, wato makarantar boko, ban kai budurwa ba, Inna ta haifi namiji ya koma kafin suna. Daga nan Inna ta canza. Tana shara, tana dafa abinci, amma dariyarta ta ɗauke. Ko waƙar majami'a da takan yi a bakin murhu ta daina. Da abin ya yi tsawo, yayarta da ke aure a Konni ta zo ta roƙi Baba ya bar ta ta tafi da ita ta ɗan huta. Baba ya yarda.

Da Inna ta dawo, tun daga ƙofar gida muka ga bambanci. Ta rungume ni, ta tsokani Kaka a kan ɗaurin kallabinta, ta ci tuwo har da ƙari. Da yamma, muna zaune a tsakar gida, ta faɗa wa Baba abin da ya faru. Yayarta tana zuwa wata sabuwar majami'a a Konni. A can suna koyar da cewa bayan baftismar ruwa akwai wata, baftismar Ruhu Mai Tsarki, kuma alamarta ita ce mutum ya buɗe baki ya yi magana da harshen da bai taɓa koya ba, kamar yadda ya faru da manzanni. An ɗora mata hannu an yi addu'a, ta kuwa samu.

Baba ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Mu dai abin da anka koya muna, ranar da mutum ya ba da gaskiya, ranar Ruhu ka shiga zuciyarshi. Harsuna baiwa ta guda cikin baye-baye. Wani a ba shi, wani a ba shi wata."

Inna ta ce, "Maigida, ni ban iya gardama ba. Na dai san tun da yaron nan ya koma, in na durƙusa ba ni samun kalma ko guda. Ran nan bakina ya buɗe, kuka ya hito, nauyin ya sauka."

Baba ya ɗauko Littafinsa ya buɗe, ya sake rufewa. Ya ga matarsa ta dawo da fara'a, bai san yadda zai yi faɗa da abin da ya kawo ta ba. Kaka tana gefe tana jin su. Ina jin ba ta gane abin da ake nufi ba sai da ta ji da kunnenta.

Wata Asabar da hantsi, Baba yana wurin aiki, ni da Kaka muna ɓarar wake a inuwar bishiyar bedi. Inna ta ɗora kunu a wuta ta shiga ɗaki ta yi addu'a. Da farko muna jin ta da Hausa. Can sai muryar ta sauya, kalmomi suka fara zubowa da sauri, ba Hausa ba, ba Faransanci ba, ba Fillancin da nake ji a kasuwa ba. Wani lokaci ta yi sama kamar waƙa, wani lokaci ta yi ƙasa kamar mai lallashin yaro.

Faifan da ke cinyar Kaka ya zame, wake ya watse. Na ɗaga kai na dube ta.

Ta ce, "Ke, tashi ki ruhe ƙohwar gida. Maza!"

Na rufe na dawo na tarar ta tsaya a bakin ɗakin Inna, ta ɗaga labule kaɗan. Na laɓe a bayanta. Inna tana durƙushe a kan tabarma, ido rufe, hawaye na zuba. Kaka ta ƙura wa kafaɗunta ido, ta dubi wuyanta, ta dubi yatsun ƙafarta. Leɓunanta suna motsi, ina jin tana cewa, "Ba a gidan ga ba. Na bar ku, ba a gidan ga ba."

Muna cikin haka sai Inna ta tsaya cak, ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta ce da Hausa tsantsa, "Ke, kunun can na shirin zubewa, sauke shi." Ta rufe ido ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Na ruga na sauke tukunya. Da na dawo, Kaka ta saki labule, ta zauna a kan turmi, baki buɗe. Ta yi ta jira har Inna ta ce amin ta fito tana share fuska.

Kaka ta ce, "Ɗiyata, zo nan. Zamna." Inna ta zauna a ƙasa a gabanta. "Kin san inda kike?"

"Gida nike, Kaka."

"Wa ya tsaya bakin ɗaki kina ciki?"

"Ke da jikarki. Na ji ƙamshin tabar bakinki."

"Ba ki jin atishawa?"

Inna ta yi dariya ta ce, "Atishawar mi? Mura nike?"

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In kin so ki tsaya, kina iyawa?"

"Ina iyawa. Ba kin gani ba?"

Ranar ce Kaka ta fara yi mana maganar bori. Ta ce ita in aka hau ta, ba ta sanin komai. Sai ta farka jikinta duk ciwo, mutane su gaya mata abin da bakinta ya faɗa, kuma mai hawan ba ya sauka sai da atishawa. Ba a taɓa tambayarta ko tana so ba. Ta ce da ta ji muryar Inna ta sauya, ta ɗauka sun biyo ta har Malbaza sun kama mata suruka. Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Ba su ba ne, Kaka." Kaka ta ce, "Na ga alama. Amma sai na tahi na ga wurin da idona."

Haka kuwa aka yi. Wata Lahadi muka shiga mota zuwa Konni, ni da ita da Inna. A tasha Inna ta tsayar da kabu-kabu. Kaka ba ta taɓa hawa babur ba. Ta zauna a karkace, ta damƙe rigar mai babur da hannu biyu, tana ce masa, "Ɗana, ba gaggawa muke ba, Allah na nan har mu isa." Mutumin ya yi ta dariya, ya tafi da ita a hankali har masu keke suna wuce su.

Majami'ar rumfar kwano ce a bayan wani garejin gyaran motoci. Akwai ganga, akwai amsa-kuwwa, akwai mutanen Konni da waɗanda suka tsallako daga Najeriya. Kaka ta ƙi shiga ciki sosai, ta zauna a bencin ƙarshe dab da ƙofa. Da aka fara kiɗa na ga ta dafe gwiwoyinta. Da aka zo addu'a, jama'a duka suka ɗauka lokaci guda, wasu da Hausa, wasu da harsuna, har rumfar tana amsawa. Ni tsoro ya kama ni. Kaka kuwa ba ta rufe ido ba, bin mutane take da kallo ɗaya bayan ɗaya. Fasto ya ɗaga hannu ya ce amin, sai kowa ya yi shiru ya zauna. Na ji Kaka ta sauke numfashi.

Bayan wa'azi Fasto ya kira waɗanda ke son baftismar Ruhu su fito gaba. Matarsa, wata mace mai fara'a, ta zo ta durƙusa a gaban Kaka ta gaishe ta, ta ce, "Mama, ba za ki zo a yi miki addu'a ba? Alkawarin na kowa ne, har tsofaffi."

Kaka ta ce, "Na gode, ɗiyata. Amma bakin ga nawa ya daɗe yana yi ma wasu aiki ban sani ba. Da Ubangiji ya ƙwato min shi, na ce duk abin da zan hwaɗa mishi, ina so in ji shi da kunnena."

Matar ta je ta faɗa wa mijinta. Bayan an tashi Fasto ya zo da kansa, ya cire takalmi ya tsuguna. Bai kai Baba shekaru ba. Ya ce shi ya gaskata wannan baiwa alama ce da kowane mai bi ya kamata ya nema, ba zai ɓoye mata ba. Amma Ruhun Allah ba ya shiga da ƙarfi, kuma ba wanda zai matsa mata. Ya ce, "Za mu ci gaba da roƙa miki, Mama."

Kaka ta ce, "Ku roƙa. Amma ku rage ma na'urar can murya, Allah ba kurma ba ne."

Fasto ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da muka koma gida Baba yana jira a ƙofa. Kaka ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. Ta wuce shi tana cewa, "Kai, ka bar matarka ta yi addu'arta. Na duba, ba abin da nike tsoro ba ne." Baba ya ce shi ma bai ce iskoki ba ne, koyarwar ce bai yarda da ita ba. Kaka ta ce wannan kuma tsakaninsa da Fasto, ita ruwa take so.

Haka gidanmu ya zauna. Inna ba ta bar majami'armu ba, kuma a can ba ta taɓa yin harsuna ba, don Baba ya roƙe ta. Amma duk sanda ta samu hali takan tafi Konni, a ɗakinta kuma tana yin abinta. Ita da Baba sun yi ta muhawara shekara da shekaru, yawanci a kan kwanon tuwo, ba wanda ya ja wani zuwa ra'ayinsa. Ni ma da na zama budurwa na fita gaba a Konni aka ɗora mini hannu. Na jira, na buɗe baki, ba abin da ya zo. Na yi kuka a mota, ina ganin Allah ya tsallake ni. Inna ta ce in ci gaba da nema. Baba ya ce ba abin da na rasa. Har yau ban samu ba, kuma na daina jin ciwon abin.

Da tsufa ya kama Kaka sosai, ta ce a mai da ita wajen ƙanwarta a Badagishiri. Ƙanwar Musulma ce, 'ya'yanta suna noman albasa a fadama. Wata shekara da rani aka aiko Kaka ba lafiya, muka tafi ni da Inna. Muka same ta kwance a rumfa, ta rame, ƙanwarta a gefe da tasbaha a hannu. Inna ta durƙusa ta fara addu'a da Hausa, a hankali, don ganin idon masu gida.

Kaka ta buɗe ido ta ce, "Ɗiyata, yi min irin taki."

Inna ta dubi ƙanwar Kaka. Tsohuwar ta ce, "Yi mata. Ni ma nawa nike yi."

Inna ta ɗora hannu a goshin Kaka ta yi, da murya ƙasa-ƙasa. Ƙanwar tana jan tasbaha, duk inda Inna ta ja numfashi sai ta ce amin. Da aka gama ta tambaye ni a kunne ko na san abin da aka ce. Na ce ban sani ba, ita ma Inna ba ta sani ba. Ta jinjina kai ta ce to, Wanda aka yi dominsa ai ya sani.

Kaka ta tashi daga wannan ciwon. Kafin mu koma Malbaza har ta fara zama a bakin rumfa tana yi wa jikokin ƙanwarta faɗa, wai sun cika wa albasa ruwa. Ta ƙara damina biyu a duniya, kuma a can aka binne ta, a gefen gonar gidansu.