Malam Labbo da Ruwan da Ya Zo Babu Hadari

Ku masu 'ya'ya a makaranta, ku saurara, don abin da ke tafe bai ƙare lafiya ƙalau ba. Gulbin Bungudu ba ya cin mutum ranar da hadari ya haɗu. Ranar da sama take garau, ranar yake farauta.

Malam Labbo malamin labarin ƙasa ne a wata sakandaren maza a Gusau. Kullum in ya fito daga sallar asuba, kafin ya karya kumallo, sai ya tsaya ƙofar zaure ya dubi gabas, ya leƙa gwangwanin da ya kafa bisa turke don auna ruwan sama. Wasu malamai a allo suke zana dutse. Shi kuwa sai ya kwashi ɗalibai a motar makaranta, su je su taɓa dutsen da hannunsu. Sun hau duwatsun Tsafe, sun leƙa rijiyoyin Bilbis da suka ƙafe tun shekarar fari, sun ga zaizayar da ke cin gonakin 'Yankuzo. Mu iyaye kuwa, ranar fita wuni muke muna leƙen hanya. Ga maciji, ga rami, ga rana.

An yi masa magana ba sau ɗaya ba. Amsarsa ba ta sauyawa: "Baba, bisa ƙasar ga za su zauna. Gara su san halinta tun tana yi musu dariya."

Wata Asabar a bazarar bana ya kai 'yan ajinsa gulbi, su auna faɗinsa da igiya. Cikinsu har da ɗana Mu'azu. Gulbin duk ya zama yashi, sai ɗan siririn ruwa a tsakiya. Kamar yadda aka saba, mata sun zo da jakunansu, sun haƙa ramuka cikin yashin suna jiran ruwa ya tsattsafo, kowace na tsare da raminta, don wadda ta tashi, wata ce za ta kwashe abin da ta jira.

Malam na riƙe da igiya sai ya ji muryar Mu'azu: "Malam, ruwan ga ya yi ja! Ga kara da kashin awaki suna yawo bisa!"

Malam ya dubi ruwan. Shi ya koya musu wannan da bakinsa: in siririn ruwa ya sauya launi ya ɗauko shara, to an sheƙa ruwa can wajen Tsafe, kuma yana hanya. Ya ɗaga kai, ko gajimare babu. Ya dubi ɗiyan mutane warwatse cikin yashi, kowane da uban da ke jiransa a gida.

"Kowa gaɓa! Ku bar takalma! Ku kora mata da jakuna, ku hau!"

Yara suka watsu suna ihu. Mata suka tashi, wasu na dariya, wasu na salati. Sai tsohuwa ɗaya, Iya Yelwa, ta ƙi motsi daga bakin raminta.

"Tun hantsi nike jiran ruwan ga. In tashi maƙwabciyata Ladidi ta kwashe? Ɗan nan, ina hadarin?"

"Inna, hadarin ya zuba a Tsafe. Tashi, don Allah!"

"To Tsafe ta sha nata, ni in sha nawa."

A nan ne ya ji shi, wani ruri kamar jirgin ƙasa ya taso daga tasha. Ya cilla wa yara bakin igiya, ya ɗaura ɗayan a ƙugu, ya sunkuci tsohuwa tana dukansa da ƙwarya. Ruwa ya cim musu kafin su kai gaɓa, ja wur, yana juya itatuwa. Wani kututture ya daki ƙafarsa, ya tafi ƙasa, amma bai saki Iya ba. Yara suka yi ta jan igiya har tafin hannun Mu'azu ya saɓe. Da aka fito da su, abin da Malam ya fara faɗa shi ne, "Kowa na nan?" Kowa na nan.

Malam Labbo, kai ne ka koya wa 'ya'yanmu karatun da ba ya cikin littafi, har ya cece su a ranar da sama ta yi ƙarya. Kai ne garkuwar ɗiyan mutane. Har gobe in an ce za a fita da Mu'azu, sai na ji tsoro. Amma na fi tsoron ɗan da zai tsaya cikin gulbi, ruwa ya yi ja a ƙafarsa bai san me yake gani ba.

Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Malamai, ku yi koyi da shi, ku fitar da yara su ga ƙasarsu. Iyaye, mu daure.

Yanzu Malam na kwance gidan mai ɗori a Bungudu. Iya Yelwa na kai masa fura, tana mitar ƙwaryarta da ruwa ya tafi da ita. Ƙashin ya karye wuri biyu. Ko ƙafar za ta sake ɗaukarsa zuwa gulbi, mai ɗori ya ce bai sani ba, mu ma ba mu sani ba.