Sitaci Ya Koyi Iyo a Kan Benci

Sitaci kowa ke ce masa, har mahaifiyarsa, in dai ba fushi take yi da shi ba. Shi mai wanki da guga ne, kuma a ganinsa tufa ba ta gogu ba sai ta sha sitaci har ta iya tsayawa da kanta. Wani malamin makaranta a layinsu yakan rantse cewa ya taɓa cire wandonsa ya ajiye a tsakar ɗaki, wandon ya ci gaba da tsayuwa yana jiran ya dawo.

Shagon nasa ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin layi. Tebur ɗaya da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, dutsen guga na gawayi da ya gada wurin mahaifinsa, baho uku na roba, sai igiyar shanya da ta tashi daga taga ta ɗaure a jikin falwayar lantarki. Shekara tara ya yi a nan, tun yana ɗan sha huɗu. Ba ya ɓatar da kayan mutane, ba ya ƙona su, kuma in ya tsinci abu a aljihu yakan mayar, ko da wasiƙar da bai kamata matar gida ta gani ba ce.

Abin da ya sauya masa tunani farin kaki ne. Wani sojan ruwa da ya zo hutu gidan surukansa ya kawo masa wanki, riga da wando farare tas. Sitaci ya goge su, ya fitar da kari kamar bakin reza, sannan ya kara rigar a ƙirjinsa ya leƙa gilashin taga. Abin da ya gani ya hana shi sukuni. Sau biyu yana cike takardar neman shiga, sau biyu sunansa bai fito ba. A karo na uku aka kira shi, ya yi jarrabawa, likita ya ƙwanƙwasa masa ƙirji, aka ce ya zo makarantar horar da kurata nan da mako uku.

Takardar kiran shafi biyu ce. Shafin farko ya lissafo abin da zai zo da shi: singileti fari shida, gajeren wando uku, takalmin kambas, bokiti, allura da zare, man goge takalmi. Wannan bai dame shi ba. A ƙasan shafi na biyu ne aka rubuta cewa a rana ta uku za a gwada kowa a ruwa, wanda bai dace ba za a sallame shi.

A layinsu babu wanda ya ga abin damuwa a nan. Mutumin da ya shekara tara hannunsa cikin ruwa? Sitaci kaɗai ya san cewa a duk shekarun nan ruwa bai taɓa wuce masa gwiwar hannu ba, in ka cire wanka, shi ma da moɗa yake yi. Ga shi labari ya riga ya zaga. An yi ta zuwa yi masa murna, masu kawo wanki sun fara kai kayansu wurin mai gugar layin baya, mutumin da ke fitar da kari biyu a ƙafar wando ɗaya. In aka sallamo shi bayan kwana uku da bokitinsa a hannu, bai san ta wace kusurwa zai shigo layin ba.

Ya kai maganar gaban mahaifiyarsa Inna, ya ce yana so ya riƙa zuwa dam ɗin bayan gari ya koyi iyo.

“Ba da yawuna ba,” in ji Inna, ba ta ko ɗago daga tsintar da take yi ba.

“Inna, sojan ruwa fa zan zama.”

“Na sani. A cikin jirgi za ka zauna, na ga hotonsa, ya fi gidan bene. In gwamnati ta ga dama ta jefa ka, ita ta san da me za ta tsamo ka. Ni ba ni da jirgi. Muddin kana gidan nan ba kai ba dam.”

A nan Kawu ya shigo maganar. Yayan Inna ne, ya yi shekara goma sha ɗaya yana gadi a wani otal mai ƙaton kwamin siminti da baƙi ke iyo a ciki. Bai taɓa tsoma ko ɗan yatsa ba, don dokar aiki ta hana, amma ya ce babu salon da bai haddace ba daga kan kujerarsa.

“Iyo ai a ka yake, ɗan nan,” ya ce. “Ruwa shaida ne kawai. Kawo benci.”

Haka aka fara. Kullum da hantsi Sitaci zai rufe shago, a fito da bencin tsakar gida, ya kwanta rub da ciki, hannuwa da ƙafafu na reto a iska. Kawu na tsaye a kansa da sandar gadinsa ta da, yana ƙirga.

“Ɗaya, tura ruwa. Biyu, harba ƙafa. Wannan shi ne na kwaɗo. Kai, ba jaki na ce ba, kwaɗo. Buɗe cinya.”

Bayan na kwaɗo aka shiga na rigingine, wanda Kawu ya ce manyan baƙi ke yi in sun ƙoshi. Shi ya fi sauƙi, don sau biyu Sitaci na yin barci a tsakiyarsa. Daga nan sai darasin riƙe numfashi: a cika baho ɗaya daga shago, Sitaci ya durƙusa ya tsoma fuska, Kawu na duba agogo. Inna ta yarda da wannan bisa sharaɗin kada ruwan ya rufe kunne, kuma takan zauna kusa da tsintsiya a hannu ko da wani abu zai faru.

A mako na biyu Kawu ya tuno da jirin teku. Wani baƙo ya taɓa ba shi labarin cewa jirgi na juya wa mutum ciki. Sai aka aro baro wurin masu gini, Sitaci ya zauna a ciki da kwanon abinci, Kawu na jijjiga shi hagu da dama har ya cinye. Ranar farko abincin bai zauna ba. Ranar ta huɗu ya cinye har ya nemi ƙari, Kawu ya ce teku ta shiga uku.

Gudu kam Sitaci ya yi na gaske. Da sassafe yakan zaga filin ƙwallo sau goma da sabon kambas, karnukan unguwa na raka shi zagaye biyun farko. Kayan da aka lissafa kuwa ya wanke su duk da sababbi ne, ya sa musu sitaci, har safa. Inna ta ɗaga singileti ɗaya ta ce in abinci ya yi ƙaranci a can sai ya jiƙa wannan ya sha.

Amma duk lokacin da ya sauko daga benci yakan tsaya ya dubi ƙasa. Busasshiya ce, ga sawun kaji. Wata rana ya ce, “Kawu, in na je can aka tambaya, ba gara in ce ban iya sosai ba?”

Kawu ya ajiye sanda, ya dube shi kamar ya zagi wani babba.

“Soja ba ya cewa ban iya ba. Ni da na nemi gadi an tambaye ni ko na iya kama ɓarawo, na ce na iya. Shekara goma sha ɗaya ban kama ko ɗaya ba, wa ya kore ni? In aka ce wa ya iya, ka riga kowa fitowa. Ka ji ni?”

“Na ji, Kawu.”

Ranar tafiya aka yi masa aski tal kwabo, rabin layi suka raka shi tasha. Inna ta riƙe hannun bokitin har sai da direba ya tayar da mota, sannan ta saki, ta ce, “Allah ya tsare. Ka dai yi nesa da ruwa.”

Kwana biyun farko a makarantar babu ko ƙamshin teku. Fili ne da rana da ihu. Aka raba musu kakin horo mai kauri, aka koya musu tsayuwa, aka koya musu gyaran gado. Sitaci ya ga yadda 'yan ɗakinsu ke ninke riga, zuciyarsa ta yi masa ciwo.

Rana ta uku da safe aka jera su a bakin kwamin iyo, kowa cikin kakinsa, ba takalmi. Ruwan shuɗi ne, a gefe ɗaya ana hango ƙasansa, a ɗaya gefen ba a hangowa. Mai horar da su wani gajere ne kakkaura da usur a wuya, muryarsa kamar ana jan tebur a siminti.

“Wanda ya iya iyo ya fito dama. Wanda bai iya ba ya koma hagu.”

Sitaci ya riga kowa fitowa. Sai da ya tsaya ya waiwaya, ya ga fiye da rabin kuratan sun tafi hagu hankali kwance. Wani mataimaki ya kai su gefen da ruwa bai wuce ƙugu ba, ya fara nuna musu yadda ake riƙe bakin kwami ana harba ƙafa.

“Waɗancan za mu koya musu, aikinmu ke nan,” in ji mai usur. “Ku kuma gwanaye, ga mai zurfin. Ku faɗa da kayanku, ku yi minti biyar a sama. Wanda ya yi mini ƙarya, motar da ta kawo shi ba ta yi nisa ba. Kai na gaba, bismilla.”

Ko a wannan hali Sitaci bai iya fita ba shiri ba. Tun a ɗaki ya zura rigarsa cikin wando tsaf, ya ja bel har ramin ƙarshe, ya ɓalle maɓallai har maƙogwaro, yadda yake ganin ya kamata tufa ta zauna a jikin mutum. Ya matso bakin ruwa, ya tuna Inna, ya tuna benci, ya faɗa.

Abu na farko da ya lura da shi shi ne babu benci. Ya tura ruwa, ya harba ƙafa, ya buɗe cinya kamar yadda aka koya masa, ya ci gaba da tafiya ƙasa cikin tsari. Ruwa ya wuce kunne, ya wuce inda Inna ta yarda. Ya gwada na rigingine, ya sha ruwa kofi guda.

Sai ya ji wani abu na jan sa ta baya. Iskar da ya faɗo da ita ta taru a bayan rigar, bel ya hana ta fita ta ƙasa, tana neman hanya ta wuya, 'yan ƙwayoyin iska na tsere masa ta bayan kunne. Wannan kam ya san shi. Shekara tara yana faɗa da shi a baho: ka danna jiƙaƙƙen kaki, ya kumburo ya taso, ka danna nan ya ɓullo can, ba ya nutsewa sai ka buɗe masa baki iskar ta fita. Sitaci ya bar iyo. Ya kama wuyan rigar da hannu biyu ya shaƙe, ya lanƙwashe, ya bar kansa kamar wanki.

Ya taso. Bayansa ya yi tozo, yana ɗaga baki yana jan numfashi. Da tozon ya fara sacewa sai ya sunkuya ya hura iska ta tsakanin maɓallai, ya sake shaƙewa. Bai matsa gaba ba, bai matsa baya ba. Yana nan yana juyawa a hankali har usur ya yi ƙara, aka miƙo masa doguwar sanda aka jawo shi.

Mai usur ya tsuguna a gabansa.

“Wa ya koya maka wannan? Sai mako na shida muke koyar da shi.”

“Kayan mutane, Oga.”

“Kayan wa?”

“Wanki nake yi a gida, Oga.”

“To wancan abin da ka fara yi kafin ka nutse fa, mene ne sunansa?”

“Na kwaɗo ne, Oga.”

“Kwaɗon da mota ta taka?” Kuratan da ke layi suka ƙunshe dariya. “Tashi tsaye. Zan sake tambayar ka sau ɗaya. Ka iya iyo?”

Sitaci ya miƙe, ruwa na zuba daga aljihunsa. Ya ji muryar Kawu a kunne ɗaya, ɗaya kunnen kuma ruwa ya toshe shi.

“Ban iya ba, Oga. A kan benci na koya.”

Mai usur ya miƙe. Ya dubi agogo, ya dubi takardar hannunsa, ya ciji murfin biro.

“Minti biyar na ce, ka yi minti biyar. Wuce hagu, a koya maka kamar mutum. Ƙaryar kuma ba ta tafi a banza ba. Mai wanki ka ce? Kakin fareti na ɗakinku, mutum arba'in, kai za ka goge har ka iya ƙetare kwamin nan.”

Sati uku ya ɗauka kafin ya ƙetare. A sati ukun nan ɗakinsu ya zo na ɗaya a duba tsafta sau uku, har 'yan ɗakin suka fara roƙonsa ya riƙa koyon iyon a hankali.

Ranar da aka ba su izinin waya ya kira gida, Kawu ne ya ɗauka. Bai bari ya gama bayani ba ya juya yana shaida wa tsakar gida cewa yaro ya yi minti biyar a mai zurfi, kuma bencin nan kada wanda ya sake zama a kansa da kayan miya. Sannan Inna ta karɓa.

“Sitaci, ba dai sa ka a ruwa suke yi ba?”

Ya dubi tulin fararen kaki da ke jiran sa a kan gado, da dutsen guga na lantarki da har yanzu bai gama yarda da shi ba.

“Yawanci guga nake yi, Inna.”

“To madalla,” ta ce. “Ka rage musu sitaci, ba kowa ne ya saba ba.”