An Hana Su a Nan

Shekarun baya, ina ɗan makaranta a Samaru, akwai wani tafki can gefen Bomo da kawuna yake su a cikinsa. Ga 'yan birni da ba su sani ba, su shi ne kamun kifi irin na gado: mutum ya kifa cikinsa a kan ƙaton gora yana yawo bisa ruwa, ragar da ake kira homa a hannu, in ya kama ya jefa cikin bakin goran. Goran Kawu na kakanmu ne, ya yi baƙi sumul saboda gugar ciki. Ni dai ko ruwa iya gwiwa ba na shiga, amma in ana suyar tarwaɗa babu wanda ya kai ni matsowa kusa da kasko.

Sai kifi ya fara ja baya. Kawu ya wuni a ruwa ya dawo da 'yan karfasa da ba su kai tafin hannu ba. Masu faɗa a ji suka kafa kwamiti, aka ba wani Alhaji mai lambun tumatir a bakin tafkin shugabanci. Ya ce ya gani a talabijin, ƙasashen bakin teku kan killace wani sashe na ruwa a hana kowa kamu, kifi ya huta ya hayayyafa. Gaskiya hujjar ta shige ni. Har gida na zo ina yi wa Kawu bayani ina ɗaga yatsa, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, kifi fa na Allah ne. Ka taɓa jin ya ƙare?" A nan kam Kawu bai da gaskiya, kifi yana ƙarewa, kuma har gobe ina kan bakana.

Aka kafa allo a bakin ruwa da manyan baƙaƙe: AN HANA SU A NAN. Kawu ya yi ta ƙunƙuni, amma ya rataye goransa. Abin da ya kasa bari shi ne zuwa kallon ruwan kowace safiya.

Ran nan na bi shi. Innalillahi! Kifaye ne birjik a saman ruwa, ciki a sama, har da 'yan ƙanana kamar yatsa. Can gefe ma'aikatan lambun Alhaji suna ɗauraye injin feshi a cikin tafkin. Gaba kaɗan wasu samari sun zuba maganin ƙwari da gangan, suna kwasar abin da ya taso a buhu. 'Yan sintirin da aka sa gadi kuwa suna gindin bishiya suna shan rake. Na nufe su na ce, "Wai ba ku ganin abin da ake yi ne?" Babbansu ya tofar da ɓawo ya nuna mini allon. "Karanta mana, kai da ka yi makaranta. Su aka hana. Ka ga gora? Ka ga homa? Waɗannan ai tsinta suke yi."

Tsinta! Wallahi ko yanzu da nake rubutun nan sai da raina ya sake ɓaci.

Muka tafi wurin Alhaji. Tun a hanya nake shirya jawabi, da muka isa duk ya zube, abin da ya fito kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, wane hutu kifi zai yi a ruwan da ake zuba masa guba?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, mu dokar masunta muka yi, ba ta manoma ba. So kake tsutsa ta cinye tumatir?" Kawu ya miƙe yana kaɗe riga. "Na gane, Alhaji. An hana su. Ashe mu ne su ɗin."

Washegari ya sauke gora. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ta tare ƙofa tana, "Yaya, don girman Allah ka bari." Ya ce in dai mutuwa kifin zai yi, gara ya mutu a homarsa a ci shi lafiya. 'Yan sintirin da suka makance ga injin feshi, kafin Kawu ya kai tsakiyar ruwa sun hango shi. Suka jira ya fito, babban nasu ya sa kulki ya raba goran kakanmu gida biyu a gabansa. Kawu bai yi zagi ba. Ya tsuguna ya tattara, ya rungumo zuwa gida, ni ina binsa a baya da homa, na kasa kallon fuskarsa.

Kada wani ya ce ina adawa da killace ruwa, a'a, kifi yana bukatar hutu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne dokar da ba ta tsaya ta tambayi me ke kashe kifin ba, ta tsallake mai lambu ta faɗa kan wanda ya fi sauƙin kamawa. Kifin bai dawo ba. Allon yana nan ya yi tsatsa, ruwan ya koma kore, babu sauran wanda za a hana.

Kawu yanzu yana kasuwar Sabon Gari, yana sayar da kifin ƙanƙara da ake kawowa a kwali. Da na kai masa ziyara kwanan baya, na tarar da rabin goran nan a ƙarƙashin teburinsa, ya cika shi da ruwa yana jiƙa kifin don ya saki. Ya ga ina kallo, sai ya yi dariya. "Ɗan boko, ka ga har yanzu kifi na shiga goran Baba. Daga teku ma yake zuwa, can inda ka ce ana ba shi hutu."

Na so in taya shi dariyar, na kasa.