Kwabon Ba Modu Da Ba A Huda Ba

Shekara bakwai ke nan da muka kai abokina Ba Modu makwancinsa, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: har yau ban gama jin ƙyashinsa ba. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.

Mun daɗe tare muna tara tsofaffin kuɗin ƙarfe, waɗanda injin bugawa ya yi wa kuskure: sulen da rubutunsa ya fito biyu-biyu, sisin da bayansa ya juye, aninin da hudarsa ta kauce gefe. Ni ke da littattafai da gilashin ƙara girma. Shi ɗinkin hula kawai ya sani, sai dai Allah ya ba shi ido.

Wata rana a kasuwa, wajen wani maƙeri mai narkar da tsofaffin kuɗi yana yin zobba, na ɗauki wani kwabon zamanin Turawa. Kowa ya san irinsa da huda a tsakiya yake, wannan kuwa babu. Na ce jabu ne, na mayar cikin tire. Ba Modu ya ɗauka, ya buga shi a dutse ya saurara, ya saya. Ashe na gaske ne, inji ne ya tsallake shi bai huda ba. Tun daga ranar nake zaryar gidansa a unguwar Moduganari da sunan gaisuwa, alhali kwabon nake son gani. Har rabin kuɗin ƙarfen da ke akwatina na yi masa tayin musaya. Dariya kawai ya yi. "Malam Bukar, ai kai ka fara riƙe shi."

Da zai leƙo yau ya ga matasa na ɗaukar hoton irin kayanmu a waya suna tallatawa, na san tsaki zai yi, ya tambaye su ko a hoto ake jin ƙarar ƙarfe.

Bayan rasuwarsa na yi kawaici, ban tambayi kwabon ba, amma kullum yana raina. Bara, wajen sunan jikarsa a unguwar Dala, na gan shi rataye a wuyan 'yarsa Yagana.

"Baba, na mahaifina ne," in ji ta. "Ba shi da huda, shi ne na kai aka huda mini, in riƙa jin sa a jikina."

A tsakiya cif aka huda shi, ya koma kwabo kamar kowane. Na sa mata albarka. Abin kunya, daɗi na fara ji, wai yanzu ba mai abin da ya fi nawa. Kafin in isa gidana a unguwar Maisandari daɗin ya gudu. Akwatina cike yake, amma cikin 'ya'yana babu wanda ya taɓa tambayar inda mabuɗinsa yake. Shi kuwa 'yarsa ta lalata kwabon da ya fi so, don kawai kada ta rabu da shi. Nan ma Ba Modu ya fi ni.