Inda Tawada Ba Ta Kai Ba

Shekarar da aka dawo da zaɓe, wani maƙwabcinmu a Zongo, wanda tsohuwar gwamnati ta tura karatu ƙasar Sin, ya zana layinmu. Da burushin gora da baƙar tawada ya yi aikin, amma ya auna gidajen tsaf irin na Turawa. Gefenmu kuwa ya bar takardar fara fat.

Na raka mahaifiyata ganin zanen. Kowa ya san a ofishin masu shata hanya yake aiki, masu rushe duk gidan da hanya ta biyo ta kansa.

"Malam, ina gidanmu?" ta tambaye shi.

"Haka mutanen Sin suke barin fili, Hajiya."

Ko ɗago kai bai yi ba. Na ji kamar in kife masa tawadar.

Muna komawa gida, ta fara ɗaure kwanukanta a zani.